Kundin aikin fulaibak: daga bolt 48 zuwa 12, ba tare da ƙasa ta haɗu ba

Asabar, 27 ga Janairu 2024

Yayana yana da shagon kwafi da buga takardu, kuma tun bara ya koma sola. Batura huɗu ne masu bolt 12 a jere, wato 48, sai inbata. Na'urar naɗar hoton kyamarorin tsaro da rauta ta intanet duk bolt 12 suke ci, shi ya sa wani ya sa masa ƙaramin allon nan mai rage wuta da ake sayarwa da araha, ya jawo kai tsaye daga batir don su kwana a kunne ko da an kashe inbata. Dabarar ba laifi. Sai dai cikin wata huɗu na'urar kyamara biyu ta ƙone, kuma duk a wuri ɗaya: bakin da wayar talabijin take shiga.

Yau na je da mita. In inbata tana aiki, tsakanin nagatif na batir da at na ginin, wato wayar da aka haɗa da ƙasa, akwai wuta mai yawo, ba sifili ba ne. Shi kuwa allon mai araha, nagatif ɗinsa na shiga da na fita waya ɗaya ce. To ka ga hanya ta buɗe ke nan: wuta ta taso daga batir, ta bi allo, ta shiga jikin na'ura, ta bi rigar wayar talabijin ta sauka a at. Siririn layin tagulla da ke cikin na'urar shi ke ɗaukar kayan da ba nasa ba har ya gaji.

Yaya ya ce, "Kai dai ka nemo mini wanda ba ya ƙona kaya." Na ce, "Yaya, ka ba ni wata ɗaya in haɗa maka da hannuna." Ya yi dariya ya ce ya san watan masu gyara.

Abin da nake so: shiga daga bolt 40 zuwa 60, don batir yakan faɗi da asuba ya hau da rana tsaka in caja ta cika shi. Fita bolt 12, amfiya 2, wato wat 24. Sannan kada ko silin waya ya haɗa ɓangaren shiga da na fita.

Laraba, 31 ga Janairu

Fulaibak na zaɓa, wato tsarin rage wuta da ke bi ta taransifoma, wadda ke raba shiga da fita. A wat 24 babu dalilin wahalar da kai da tsarin da ke son taransisto biyu da ƙarin kwayil a fita. Taransifomar fulaibak suna ne kawai taransifoma, aikinta na guga ne: in makunni, wato taransisto, ya rufe ta ɗebo, in ya buɗe ta juye a ɗaya gefen. Ba a ɗiba da juyewa a lokaci guda. Saboda haka lissafin duka ya tsaya ne a kan girman gugar da yawan zuwanta rijiya a daƙiƙa.

Na ɗauka kashi 85 cikin ɗari na wutar zai fita, saura ya tafi a zafi, to shiga wat 28 ke nan. Saurin bugu kilohaz 100. A bolt 40, makunni zai zauna a rufe kashi 45 cikin ɗari na kowane bugu. Daga nan ƙololuwar amfiya a naɗin farko ta fito 3.1, indoktans kuma, wato girman gugar, maikurohenri 58. Wutar da naɗi na biyu zai mayar wa na farko yayin juyewa wajen bolt 32 ce, rabon naɗi 2.6 zuwa 1.

Mai sarrafawa, wato abin da ke buɗe makunni da rufe shi, UC3845 ne. Tsohon iri ne, kamfanin Unitrode ne ya fara yin danginsa kafin Texas Instruments ya saye kamfanin a 1999, amma har yau in ka fasa caja ko wutar kwamfuta za ka yi karo da ɗaya daga cikinsu. Na ɗauke shi don dalili biyu: yana tashi a bolt 8.4, ba kamar UC3844 mai jiran 16 ba, kuma ba ya barin makunni ya wuce rabin bugu a rufe. Saƙon komawa daga fita zai bi ta TL431, mai awon bolt ɗin fita, da PC817, wanda haske ne kaɗai ke tsallakawa a cikinsa.

Lahadi, 4 ga Fabrairu

Jiya na shiga Sabon Gari. Dala ta tashi, komai ya bi ta. Na samu UC3845, TL431, PC817 da dayod MBR10100. Ferayit, wato zuciyar taransifoma da ake naɗa waya a kanta, ban ga sabo ba, sai na sayi matattun adaftocin firinta guda uku a wajen masu kayan gwangwan. Na dafa taransifominsu a tsohuwar tukunya kamar minti goma har banish ya saki. Ɗaya ta tsage a hannuna, biyu suka rabu lafiya. Uwargida ta ce tukunyar ta zama tawa har abada.

Ƙafar tsakiya ta ferayit ɗin milimita 7 ce da ɗan ɗoriya kowane gefe, faɗin fuskarta kusan murabba'in milimita 52, girman da ake kira E25. Da wannan, in ina son maganaɗisun ya tsaya ƙasa da tesla 0.2, naɗin farko zagaye 18 ne, na biyu 7, sai wani 7 na siririyar waya da zai ciyar da UC3845 bayan ya tashi.

Asabar, 10 ga Fabrairu

Naɗi. A kilohaz 100 wuta ba ta ratsa cikin tagulla, a fata take gudu, zurfin wajen milimita 0.2. Kauri ba zai amfane ka ba, yawa ne zai amfane ka. Na yi amfani da waya mai milimita 0.4: biyu a haɗe a naɗin farko, shida a na biyu, tunda can ƙololuwar amfiya tana kai 8. Naɗa waya shida a jere a kan ɗan kwarkwaron nan ba tare da ɗaya ta hau ɗaya ba, sai da na warware sau uku.

Ratar iska ita ce cikin gugar. In babu ita ferayit zai ƙoshi nan take, ya daina riƙe komai, amfiya ta haura kamar an haɗa waya da waya. Lissafi ya ba ni milimita 0.37. Ferayit ɗin da na samu ƙafafunsa daidai suke, don haka zan cusa abu a ƙafafun gefe biyu, kuma tunda maganaɗisu zai tsallaka ratar sau biyu, rabin kaurin ake sawa. Takardar kwafi ta shagon Yaya kaurinta wajen milimita 0.1 ne. Na ninka biyu, na matse, mita ta nuna maikurohenri 57. Na naɗe da tef na bar ta haka.

Talata, 13 ga Fabrairu

Kunnawar farko, a kan allo mai huda-huda. Na sa ƙwan fitilar babbar mota mai bolt 24 guda biyu a jere da layin shiga, in wani abu ya haɗe su haska maimakon hayaƙi ya tashi. Suka ɗan ƙyafta suka mutu, mita ta nuna 12.05. Rasista 18k da 4.7k a ƙafar TL431 sun yi abin da aka ce su yi.

Na cire ƙwayayen na fara ɗora lodi. Rabin amfiya lafiya, ɗaya lafiya. Ina wuce 1.3 sai wuta ta fara durƙushewa, 11, 10, 9. Na zargi dayod, na zargi ferayit, har na fara zargin mai shagon da ya sayar mini da UC3845. Da na ɗora osiloskof, na'urar da ke nuna siffar wuta, a ƙofar taransisto sai ga kilohaz 48.

Laifina ne. UC3845 yana tsallake bugu ɗaya cikin biyu, ta haka ne ma yake hana makunni wuce rabi. Agogonsa na ciki dole ya yi ninki biyu na abin da kake so a waje. Ni kuwa na lissafa masa 8.2k da nanofarad 2.2 kamar UC3843 ne. Guga tana cika har iyakar da rasistar awon amfiya ta yarda, sai dai zuwanta rijiya rabi ne, ruwan ba zai kai ba. Na canza kafasita zuwa nanofarad 1, aka samu kilohaz 105, amfiya 2 ta fita cif.

Asabar, 17 ga Fabrairu

Murna ta koma ciki. Minti shida a cikakken lodi, na ji "tas", fis ya tafi, taransistona IRF540N ya haɗe ƙafa uku.

Tun ranar lissafi na san bolt 100 ya yi masa kaɗan: 60 na batir da 32 na komowa sun kai 92 tun kafin a yi maganar tsinin wuta, wato tsallen da bolt ke yi nan take in makunni ya buɗe. Amma shi ne a cikin akwatina, na ce bari in gwada da shi tukuna. Ga kuma ɗan tarkon da ke kama tsinin, dayod da kafasita da rasista, na kwaikwayo shi ne daga cajar bolt 220, da rasista 47k. A can daidai ne, a nan ya yi girma ƙwarai, ba ya zubar da abin da ya kama. Sai tsinin ya riƙa haurawa har ya fasa ta jikin taransiston, sau dubu 105 a daƙiƙa, ba ko ƙarfen shan zafi a bayansa.

Na haɗe bakin naɗi na biyu na auna na farko, don in ga indoktans na yoyo, wato rabon maganaɗisun da ba ya isa ɗaya gefen. Maikurohenri 2.5, sama da kashi 4 cikin ɗari. Wannan shi ne uban tsinin. Ko na gyara tarkon, wat 2 zai riƙa ƙonewa a banza.

Asabar, 24 ga Fabrairu

Akwai wani dattijo mai naɗin injin ruwa da fanka a bayan layinmu, tun ina yaro nake ganinsa a bakin rumfarsa. Na kai masa taransifomar. Na ce, "Baba, ku duba mini wannan, ina ganin hannuna bai faɗa ba." Ya juya ta, ya sa farce ya ɗaga tef, ya ce, "Yaro, wayarka ta taru a tsakiya kamar an ɗaure tsintsiya. Shimfiɗa ake yi, bango zuwa bango." Sannan ya nuna mini inda bakin naɗi na biyu ya fito ya kwanta a kan wayar na farko, ba abin da ya raba su sai ɗan fentin jikin waya. Ya ce, "Nan kuma me ya raba su?"

Ban da amsa. Wata guda ina zana layi a takarda ina cewa wannan gefe daban wancan daban, ashe duk rabuwar tana rataye ne a kan fentin da farce ke kankarewa. Da wata rana zafi ya ci wurin, da mun koma gidan jiya, har ma ya fi muni, don Yaya zai ɗauka an kare shi.

Bai san fulaibak ba, bai kuma tambaya ba. Ya dai zaunar da ni na sake naɗi a gabansa. Muka raba na farko gida biyu: zagaye 9 a ƙasa, na biyu a tsakiya, sauran 9 a sama. Kowane tsakani tef rawaya ninki uku. A gefen kwarkwaro hagu da dama muka bar gaɓar tef mai faɗin milimita 3 wadda waya ba ta hawa, kowane baki kuma ya fito cikin rigar roba tun daga ciki. Gaɓar ta cinye fili, da ƙyar muka rufe ferayit. Na ba shi kuɗin goro ya ƙi, ya ce in kawo masa ya gani in ta yi aiki.

Yoyo ya sauko zuwa 0.9. Taransisto yanzu IRF640N ne mai bolt 200, tarko kuma dayod UF4007 da nanofarad 10 da rasista 10k mai wat 2. A shiga bolt 60, ƙololuwa a kan taransisto 143.

Lahadi, 3 ga Maris

In lodi ya yi ƙasa da amfiya 0.2 fulaibak ɗin tana kuka, siririn tsiwa kamar na sauro. Abu biyu ne. TL431 yana son aƙalla miliamfiya 1 ta riƙa ratsa shi kafin ya yi hankali, ni kuwa a ƙaramin lodi ban ba shi ba. Rasista 1k a gefen fitilar PC817 ta magance wannan. Na biyu, PC817 iri-iri ne: wani in ka ba shi ɗaya ya mayar da rabi, wani ya mayar da shida, harafin da ke jikinsa ne ke faɗa. Nawa uku na kasuwa kowanne da halinsa. Na ware mai harafin B, na sa nanofarad 100 da 10k tsakanin kan TL431 da ƙafar awonsa, kuka ya ɗauke. In na ɗora amfiya 2 farat ɗaya, wuta takan nutse kamar bolt 0.3 ta dawo ba tare da rawa ba.

Abin kunya na yau: ina son ganin gefe biyu a lokaci guda, sai na maƙala kadan osiloskof ɗaya, wato matsin wayar ƙasansa, a nagatif na shiga, ɗayan a na fita. Kadojin nan biyu a cikin na'urar waya ɗaya ce. Awa guda ina awo a kan da'irar da na haɗe da hannuna. Ba abin da ya ƙone tunda a kan tebur ne da batir zalla, amma da a shago ne, da osiloskof ɗin ne zai zama na'ura ta uku.

Alhamis, 14 ga Maris

Azumi ya kama, aiki ya koma bayan tarawihi. Na zana allo na gaske na wanke shi da ruwan cin tagulla. Tsakanin gefe biyu na bar fili milimita 8 babu tagulla ko ɗigo, abu biyu kaɗai ke tsallaka shi: taransifoma da PC817. A ƙarƙashin PC817 na yanka tsaga da siririn zarto. Bolt 60 kaɗai ba ta buƙatar wannan duka. Amma ba bolt 60 nake tsoro ba. Ƙurar hunturu takan kwanta a kan allo, damina ta zo ta jiƙa ta, sai ta zama hanya. Ga tsawa, ga ranar da wutar inbata za ta ɓace hanya ta biyo ta wayar talabijin.

Hanyar da babbar amfiya ke zagayawa, daga kafasitar shiga zuwa naɗi zuwa taransisto zuwa rasistar awo, na matse ta iya matsewa. Rasistar awon ma na canza. Farar nan mai jikin siminti waya ce naɗaɗɗiya a ciki, tana haifar da nata tsinin. Na sa 0.82 guda uku a gefen juna.

Gwajin haɗe bakin fita bai yi daɗi ba da farko. Abin da ya kamata: naɗin da ke ciyar da UC3845 ya faɗi, shi kuma ya mutu a bolt 7.6, ya jira rasistar tayarwa 22k ta sake cika masa kafasita, ya gwada, ya sake mutuwa. To bai mutu ba. Ɗan tsinin yoyo da ya rage yana ciyar da shi ta bayan gida, dayod na fita kuwa yana ta gasuwa. Om 10 a jere da dayod na naɗin ciyarwar ya toshe wannan. Yanzu in ka haɗe sai ka ji ƙyat, ƙyat, kamar agogon bango, ba abin da ke ɗumi.

Asabar, 30 ga Maris

Gwajin zafi, kuma garin ya ba da haɗin kai: digiri 41 a rumfata da azahar. Na rufe fulaibak ɗin a akwatinta da amfiya 2 na awa huɗu. Shiga bolt 48 da amfiya 0.595, fita 12.05 da amfiya 2, wato kashi 84 cikin ɗari. Da ɗigo ɗaya na kuskure hasashena.

Iskar cikin akwati 58, ƙarfen dayod 82, ferayit 74. Waɗannan ban damu da su ba. Kafasitocin fita ne suka tsaya mini a rai, 71. A fulaibak su ke shan duka: dayod yana watso amfiya 8 a dunƙule, su ne za su shanye su miƙa 2 a hankali, rawar da ke ratsa su ta kusa amfiya 2.8. Masu awa 2,000 ne a digiri 105, kuma ƙa'idar da aka sani ita ce duk ragin digiri 10 yana ninka kwanansu. A 71 shekara biyu da 'yan watanni ke nan in ana aiki dare da rana. Ga shi na manna su a jikin ƙarfen dayod kamar masu jin sanyi.

Na mayar da su uku maimakon biyu, na matsar da su gefe, na huda akwatin sama da ƙasa na lulluɓe hudojin da ragar sauro. Suka sauko 60. Wajen shekara biyar ke nan, kuma ba kullum ne Maris ba.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Bayan salla na ari mega, mitar da ke gwada ko wuta na tsallakawa tsakanin gefe biyu, a wajen wani abokina mai wayarin. Bolt 500 tsakanin shiga da fita na minti ɗaya, allura ba ta motsa daga ƙarshen sikeli ba. Na shafe allon da banish, na kai wa Baba ya gani kamar yadda ya ce, ya jinjina ta a tafin hannu ya ce ba nauyi. Daga nan sai shago.

Yaya ya ƙirga da yatsa ya ce watan nawa ya haihu biyu da rabi. Muka kunna, rauta ta tashi, kyamarori suka kawo. Sai ga siraran layuka suna tafiya a kan hoton.

Illar naɗin Baba ke nan. Da muka rungume na biyu a tsakanin rabi biyu na farko, yoyo ya ragu, amma fuskar da suke kallon juna ta ninka, suka zama kamar ƙaramar kafasita. Duk bugun taransisto yana tura ɗan ƙaiƙayi ya tsallaka, kuma ba shi da hanyar komawa gida sai ta wayoyin kyamara. Na ba shi gajeriyar hanya: kafasita mai shaidar Y1, nanofarad 2.2, daga nagatif na fita zuwa na shiga, dab da taransifoma. Irin wannan an yi ta ne don in ta lalace ta buɗe, kada ta haɗe. Ko da bolt 230 na wutar gida ta hau kanta, abin da zai ratsa bai kai miliamfiya 0.2 ba. Na ƙara ɗan kwayil mai maikurohenri 3.3 da kafasita 220 a bakin fita. Layukan suka ɓace.

Asabar, 4 ga Mayu

Mako uku tana aiki dare da rana. Na buɗe akwatin, ƙura kaɗan a kan raga, ciki tsaf. Tsakanin jikin na'urar kyamara da at yanzu mita ba ta nuna komai.

Saura abu ɗaya da ban yi tunaninsa ba. Ranar Talata an yi hadari da ƙura, batir bai cika ba, inbata ta kashe kanta cikin dare kamar yadda aka saita ta. Tawa kuwa ba ta san tsayawa ba, ta ci gaba da zuƙa har asuba, Yaya ya tarar da batir a bolt 43. In aka maimaita haka sau da yawa, na ceci na'urar kyamara na kashe batura huɗu. Zan ƙara TL431 na biyu a gefen shiga, ya danne ƙafa ta ɗaya ta UC3845 in batir ya sauka 45, kada ya sake ta sai ya hau 49, don kada ta riƙa kunnawa da kashewa a bakin iyaka. Akwai ɗan fili kusa da fis da zai ɗauki rasista huɗu da ƙaramin taransisto.

Mai kemis na kusa da shagon ya aiko a tambaye ni ko zan yi masa irinta. Ferayit ɗaya ya rage mini daga cikin waɗanda na dafa, tef rawaya kuma ya ƙare.